Kangon masana'antar da ake yankawa fulotai: a saya ko a bari?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. A gefen unguwarmu a nan Kano akwai wata tsohuwar masana'antar jimar fata da ta daɗe a rufe. Katangarta ta zube, mutane sun mai da wurin juji, 'yan shaye-shaye kuma sun mai da shi gida. Yanzu an ce an sayar da ita, za a rushe a yanka fulotai, har dillali ya yi mini tayin guda da sauƙi. Wasu na cewa akwai guba a ƙasar wurin, wasu na cewa ruwan saman shekara da shekaru ai ya wanke komai. In saya? Me kuma ya sa hukuma ke zura wa irin waɗannan wurare ido, yaya sauran birane ke yi da nasu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai an gwada ƙasar wurin da ruwan da ke ƙarƙashinta, ka ga sakamakon da idonka. Masu cewa ruwan sama ya wanke komai sun faɗi rabin gaskiya ne, kuma rabin da suka bari shi ne mai haɗarin. Ruwan sama yana kawar da wari, yana wanke jini da kitse da gashi, domin waɗannan abubuwa ne masu ruɓewa. Gubar ƙarfe ba ta ruɓewa. In ta bar inda aka zubar da ita, to ta koma wani wuri ne, ko dai ta gangara rafi ko ta nutse ƙasa, wato wajen da kai za ka haƙa rijiya.

Bari mu fara da abin da ake yi a cikin irin wannan masana'anta, don ka san abin da kake nema. Jimar da kakanninmu suka sani, wadda har yanzu ake yi a unguwar Majema da wasu lunguna na cikin birni, da toka ake yin ta da kashin kaji ko na tattabaru da bagaruwa. Tana da ɗoyi, amma kusan duk abin da ke fita daga cikinta ƙasa na iya cinye shi. Jimar kamfani, irin ta Challawa da Sharaɗa da Bompai, daban take. Fata na zuwa da gishiri mai yawa da aka adana ta da shi, a jiƙa ta a wanke. A zuba ta cikin ruwan farar ƙasa da wani sinadari mai ƙunshe da farar wuta don gashi ya zube, wanda shi ne ke ba da warin ruɓaɓɓen ƙwai da duk wanda ya bi ta wajen ya sani. Daga nan a jeme ta da gishirin wani ƙarfe da ake kira kuromiyam, fatar ta fito shuɗi-shuɗi. Fatar ba ta shanye kuromiyam ɗin duka. Kimanin kashi ɗaya cikin uku na bin ruwa ya fita. Kuma a tan guda na ɗanyar fata, abin da ke zama fatar sayarwa bai cika wuce rubu'i ba. Sauran duk shara ce: aski, yanke-yanken gefe, da laka mai kauri da ke kwanciya a tafkunan da ake tara ruwan. Ka lissafa wannan sau shekarun da kamfanin ya yi yana aiki, ka kuma tambayi kanka ina aka kai shi. A mafi yawan lokuta ba a kai shi ko'ina ba, yana nan bayan ginin.

Kuromiyam ɗin da ake jima da shi ba shi ne mafi muni ba. Yakan manne da ƙasa ya zauna. Matsalar ita ce yana iya rikiɗa ya koma wani nau'in da ke narkewa a ruwa, yana tafiya da nisa a ƙarƙashin ƙasa, yana cin fata da hanci, kuma an tabbatar yana jawo ciwon daji ga masu shaƙarsa. Ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke rikiɗar da shi shi ne wuta, musamman in akwai farar ƙasa a haɗe. To ka ce wurin ya zama juji, juji kuwa a garin nan ba ya rabuwa da wuta. Duk sanda aka cinna wa bola wuta a kan tsohon askin fata, ana dafa guba mai sauƙi ne ana mai da ita mai tsanani. Shi ya sa nake cewa kangon da aka yi watsi da shi wani lokaci ya fi masana'anta mai aiki haɗari. Mai aiki tana da maigadi da katanga da manajan da za a iya kai wa takarda.

Gubar kuma ba ta bazu daidai a filin ba. Inda ofis yake da wajen ajiye motoci ƙila lafiya lau ne. Inda tafkin laka yake, da rumbun sinadarai, da layin kwatar da ke fitar da ruwa, da ramin da ake binne shara, nan ne abin yake. Da zarar katafila ta bi ta kai ta baje, ba mai iya gane wanne ne wanne, kuma ta riga ta kwashi ƙasar mugun wurin ta shafa wa na kirkin. Fuloti biyu na iya zama maƙwabta, ɗaya ba komai, ɗaya kuwa a kan tafkin yake zaune.

Sai ruwa. Birnin Kano a kan dutse yake, ruwan rijiyoyinmu kuwa daga ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama yake fitowa, ba shi da zurfi sosai. Abin da aka zubar a sama ba ya daɗewa yake isa gare shi. Rijiyar burtsatse ta fi ta hannu tsaro in an yi mata siminti a wuya yadda ya kamata, amma masu haƙa da yawa ba sa yi, sai ramin kansa ya zama hanyar da ruwan sama-sama ke bi ya sauka. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na ruwan sha shi ne kada kuromiyam ya wuce miligiram 0.05 a lita guda, dalma kuma 0.01. Wannan adadi ba ya canza launin ruwa ko ɗanɗanonsa. Tafasawa na kashe ƙwayoyin cuta, ba ta fitar da ƙarfe. Tana ma ƙara masa kauri tunda ruwa ne ke tashi ya bar shi a tukunya.

Ban da abin da ke ƙasa, ginin kansa abin lura ne. Masana'antun da aka gina a shekarun 1960 da 1970 da yawansu rufin asbesto ne da su. Yana zaune a sama bai cika cutarwa ba, amma in aka farfasa shi da guduma, ƙurarsa na shiga huhu, cutar kuma sai bayan shekara ashirin ko talatin take bayyana. Akwai tsofaffin taransifoma da man cikinsu, akwai batura, akwai gangunan da ba a san abin da ya saura a cikinsu ba, waɗanda sau da yawa ƙarshensu a wanke su sama-sama a sayar wa masu tara ruwa. Yaran da ke harkar gwangwan su ne ke fara shiga, ba safar hannu ba takunkumi, su ne kuma ba wanda ke lissafawa.

Labarin da ya fi kama da naka ya faru ne a Amurka, a wata unguwa da ake kira Love Canal a garin Niagara Falls na jihar New York. Wani kamfanin sinadarai mai suna Hooker ya binne shara mai guba kimanin tan 21,000 a wani tsohon rami, ya rufe da ƙasa, a 1953 ya sayar wa hukumar makarantun garin filin a kan dala ɗaya tak, har ya rubuta gargaɗi a takardar cinikin. Aka gina makarantar firamare a kai, gidaje suka kewaye ta. Shekara ashirin da wani abu ana zaune, sai bayan wasu shekaru masu yawan ruwa da ƙanƙara abin ya fara tsattsafowa a ɗakunan ƙasa da farfajiyar gidaje. A 1978 shugaba Jimmy Carter ya ayyana dokar ta-ɓaci a wurin, aka kwashe ɗaruruwan iyalai. Ka lura, ruwan saman da ake cewa yana wankewa shi ne ya ɗago musu da gubar.

Game da abin da ya sa hukuma ke zura ido, mutane kan ce sakaci ne ko cin hanci, kuma ba na musun akwai su. Amma a ganina tushen abin shi ne kango ba shi da uba. In masana'anta ta mutu, takan bar bashin banki, da haƙƙin ma'aikata, da masu hannun jarin da wasunsu sun bar ƙasar, wasu sun rasu magada na kotu. Kowa na da'awar filin, ba mai da'awar dattin. Je ka Kakuri a Kaduna ka gani. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna ta tsaya tun 2002, Arewa Textiles ta bi bayanta, UNTL ta rufe a 2007. Manyan filaye ne a tsakiyar gari, an yi shekaru ana maganar farfaɗo da su, tsofaffin ma'aikata na bin haƙƙinsu, ciyawa na cin gine-ginen. Muddin ana cewa gobe za a farfaɗo, ba mai yarda a ce wurin ya mutu a yi masa abin da ake yi wa matacce. Haka Bompai da Sharaɗa, inda masana'antu da yawa suka koma rumbunan ajiye kaya ko suka zama kufai.

Dokokinmu kuma an yi su ne da masana'anta mai rai a zuciya. Ba mu da hukumar kare muhalli ta tarayya sai da aka jibge mana gangunan guba daga Italiya a garin Koko a 1988. A shekarar aka kafa wannan hukuma mai suna FEPA, aka yi dokar hana shigo da shara mai cutarwa. A 1992 aka yi dokar da ta wajabta nazarin illar manyan ayyuka ga muhalli kafin a fara su. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, tana da ƙa'idoji har na masu jima da masaƙu: ga iyakar abin da za ka saki a ruwa, ga tarar da za a ci ka. Duk wannan na aiki ne in akwai bututun da ke zubar da ruwa da mutumin da za a kama. Ranar da injin ya tsaya, sai wurin ya faɗa tsakanin ofisoshi. Ma'aikatar ƙasa na kallonsa a matsayin fili mai takarda, hukumar tsara birane ta KNUPDA na kallon tsarin gini da faɗin titi, hukumar kwashe shara ta REMASAB na kallon sharar da ke sama, ma'aikatar muhalli na jiran ƙorafi. Kowannensu na iya yin aikinsa daidai, a yanka fulotai a gina gidaje, ba tare da wani ya tona ƙasa ya kai ɗakin gwaji ba. Gwamna na da iko a ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya soke takardar fili don maslahar jama'a ko don an saɓa sharuɗɗanta, amma sokewa na nufin gwamnati ta gaji dattin, ba kuma wanda ke son wannan gadon.

Ƙasashen da suka ci gaba a wannan fanni ba fin mu tsafta suka yi ba. Sun ɓata garuruwansu fiye da yadda muka taɓa ɓata namu. Abin da suka yi shi ne sun samar wa kangon uba da ƙarfin doka. Bayan Love Canal, Amurka ta yi doka a 1980 wadda ta ce wanda ya zubar, da wanda ya yi jigila, da wanda ke da filin a lokacin, har da mai shi na yanzu, duk ana iya bin su kuɗin gyara ko da abin ya faru tun kafin dokar. Inda ba a sami kowa ba, sai a ɗebo daga wani asusu da aka tara da harajin kamfanonin mai da na sinadarai. Harajin ya ƙare a 1995, aikin ya yi ta jan ƙafa saboda ƙarancin kuɗi, sai a 2022 aka dawo da shi. Dokar na da illarta, don ta sa mutane gudun sayen tsofaffin filayen masana'antu gaba ɗaya, har sai da aka sassauta wa mai sayen da ya yi bincike tun kafin ya saya. Amma ta haifar da al'ada mai kyau: a can banki ba ya ba da rance a kan irin wannan fili sai ya ga rahoton tarihinsa.

Hanyar Ingila ta fi sauƙin kwaikwayo a wurinmu. Mafi yawan gyaran gurɓatattun filaye a can ba gwamnati ke biya ba. In kana son mai da tsohuwar masana'anta gidaje, ƙaramar hukuma ba za ta ba ka izinin gini ba sai ka kawo tarihin wurin, da sakamakon gwajin ƙasa, da tsarin yadda za ka gyara, sannan bayan ka gama ka kawo shaidar an yi. Kuɗin gyaran sai ya fita daga farashin filin. Wannan ba ya buƙatar sabuwar hukuma ko rancen Bankin Duniya. Layi ɗaya ne a cikin sharuɗɗan canza amfanin fili, da jami'in da ba zai sa hannu ba sai ya gani. Da ni ake tambaya abu guda da Kano da Kaduna za su fara da shi, wannan ne.

Misalin da na fi so in ba mutanen Kano shi ne na kogin Emscher a yankin Ruhr na Jamus, domin shi ne Jakararsu. Yanki ne na kwal da ƙarfe. Haƙar kwal ta sa ƙasa na ta zaftarewa, duk bututun da aka binne sai ya karye, don haka suka yanke shawarar mai da kogin kansa kwata: suka miƙar da shi, suka yi masa daɓen kankare, ruwan bayan gida da na masana'antu na bi a buɗe kusan shekara ɗari. Abin da ya bambanta su da mu shi ne tun 1899 suka kafa ƙungiya ɗaya mai kula da kogin daga tushe har bakinsa, wadda garuruwa da kamfanonin haƙar kwal da masana'antu duk dole su zama mambobi su biya kuɗi gwargwadon abin da suke zubawa. Da ma'adinan suka rufe ƙasa ta daina motsi, sai a 1992 suka fara binne manyan bututu don raba ruwan datti da ruwan kogi. Babban bututun kaɗai kilomita 51 ne. Aikin ya ci fiye da yuro biliyan biyar, kuma sai ƙarshen 2021 aka daina sakin ƙazanta a kogin. Shekara talatin, gwamnatoci sun zo sun wuce, aikin bai tsaya ba, saboda ba na gwamna ba ne, na ƙungiyar da ke da kuɗin shigarta ne. A yankin dai, masana'antar narka ƙarfe ta Duisburg da ta rufe a 1985 ba a rushe ta ba. An kwashe ƙasar da ta fi muni, an lulluɓe wata, an hana taɓa wata, aka mai da wurin filin shaƙatawa da mutane ke hawa tsofaffin murhunan suna kallon gari. Sun gane cewa ba kowane fili ne za a iya gyarawa har ya dace da gidan da yaro zai yi rarrafe a tsakar gida ba. Wani sai dai a zaɓa masa aikin da ya dace da shi.

Mu kuwa Jakara na ɗauko ruwan kwatocin cikin birni, ta haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da na Bompai, su zuba a madatsar Wasai. A hanya ana ban-ruwan latas da kabeji da alayyafo da shi, a madatsar ana kamun kifi. Ta kudu rafin Salanta na kai na Sharaɗa kogin Challawa, kogin da birnin ke ɗibar ruwan famfo daga gare shi. An rufe wani ɓangare na Jakara an shimfiɗa titi a kai, kuma ba shakka maƙwabtan wurin sun sami sauƙin wari da sauro. Sai dai ruwan da ya shiga ta sama shi ne ke fita ta ƙasa, manomin Kwakwaci bai ga canji ba. Birnin Seoul na Koriya ta Kudu ya taɓa rufe rafinsa na tsakiyar gari ya ɗora gadar sama a kai, daga baya tsakanin 2003 da 2005 ya fasa duka ya buɗe rafin. Ba cewa nake a fasa namu ba. Rufewa aikin hanya ne, tacewa aikin ruwa ne, kuma na biyun har yanzu yana jira.

Wasu kan ce a kwashe masana'antun a kai su bayan gari a huta. Dhaka ta Bangladesh ta gwada. Majemun unguwar Hazaribagh sun kashe kogin Buriganga, aka yi shekaru ana jan-in-ja, har a 2017 kotu ta sa aka yanke musu wuta da gas da ruwa, suka koma Savar. Matatar ruwan haɗin gwiwar da aka gina musu a can ba ta iya ɗaukar nauyin ba, sai kogin Dhaleshwari ya karɓi abin da Buriganga ke sha, ƙasar Hazaribagh kuma ta zauna da gubarta. A Accra ma, a watan Yulin 2021 an rushe kasuwar gwangwan ta Agbogbloshie, inda samari da yawa 'yan arewacin Ghana ke ƙona wayoyi don ciro tagulla. Filin ya zama fayau, sana'ar kuma ta watsu cikin unguwanni inda ba mai ganinta. Matatar haɗin gwiwa ita ce mafita ga ƙananan majemu, a Kano ma an daɗe ana maganarta, amma ginawa ce mai sauƙin. Tana cin wuta dare da rana, tana cin sinadarai da albashi, in ba a tsara wanda zai riƙa biya duk wata ba, ita ma kango za ta zama.

Ɓangaren juji da 'yan shaye-shaye kuwa ya fi araha nesa ba kusa ba. Detroit, wadda yawan mutanenta ya faɗo daga kusan miliyan 1.85 a 1950 zuwa ƙasa da 640,000 a 2020, ta tara dubban kangaye a hannun hukuma ɗaya mai ikon warware rikicin takardu, tana sayar wa maƙwabci filin da ke jikin gidansa a kan dala 100 don kawai a sami mai kula. A Philadelphia an yi gwaji: a kwashe shara daga fili, a shuka ciyawa da 'yan bishiyoyi, a kafa gajeren shinge na katako wanda ko yaro zai tsallake, a riƙa zuwa ana yanke ciyawar. A unguwannin talakawa harbe-harbe sun ragu da kusan kashi 29 cikin ɗari a kewayen filayen da aka gyara. Shingen ba ya hana kowa shiga, yana nuna cewa akwai mai zuwa ne kawai. Wannan mai unguwa da matasa da duba-gari na iya yin irinsa ba tare da jiran kowa ba, da sharaɗin kada a ƙona sharar a wurin, a sa mota ta kwashe.

Kada kuma a ce gyaran ƙasa sai Turawa. A 2010 gubar dalma daga niƙan dutsen zinariya ta kashe yara fiye da 400 a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na Zamfara. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF ba sa fara ba yaro maganin fitar da dalma sai an gyara gidansu, don in ya koma kan ƙasar zai sake ɗauka. Gyaran kuwa da fatanya da shebur da buhu aka yi shi: a auna, a kankare saman ƙasar gida-gida, a kai ramin da aka tanada a binne, a kawo sabuwar ƙasa a shimfiɗa, a sake aunawa. Bagega, wani ƙauye a yankin, ta jira har 2013 kafin kuɗin nata aikin ya fito. Ma'aikatan 'yan ƙasa ne, kuma ilimin yana nan.

To mu dawo kan fulotinka. Kafin katafila ta shiga, nemi wani dattijo da ya yi aiki a kamfanin ya zagaya da ku ya nuna inda tafkin laka yake, da rumbun sinadarai, da inda ake binne shara. Wannan bayanin ya fi kowace taswira, kuma in an baje wurin ya tafi. Tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam na Google Earth ma na nuna tafkunan in ka koma baya da shekaru. Ku haɗu ku masu son saye, don gwaji na da tsada ga mutum ɗaya amma ba komai ba ne ga mutum ashirin, ku ɗauko masani daga sashen kimiyyar ƙasa ko na sinadarai na jami'a, ko wani ɗakin gwaji mai rajista. Ku ne za ku ɗauko shi ku biya shi, ba mai sayarwa ba. Kada a ɗebi ƙasa daga sama kawai a bakin ƙofa. A haƙa wurare da dama, a ɗiba a sama da kuma zurfin mita ɗaya zuwa biyu, tunda tushen gini da masai da rijiya duk za su kai can. A gwada kuromiyam gaba ɗayansa da kuma nau'in nan mai narkewa daban, a gwada dalma da kadmiyam, a ɗebi ruwan rijiyoyin maƙwabta, in da hali sau biyu, da rani da kuma bayan damina ta zauna. Ka nemi ganin takardar izinin canza amfanin filin daga masana'anta zuwa gidaje, domin in babu ita, ko ƙasar lafiya take kana iya wayar gari da jan fenti a katangarka.

In sakamako ya nuna ɓangarenka da sauƙi, kana iya saye, amma ka yi daɓen siminti a tsakar gida, ka kawo ƙasa daga waje in za ka yi shuka, kada kuma ka sha ruwan rijiyar wurin sai gwaji ya wanke shi, a kuma riƙa maimaitawa. In fulotin a kan tafkin ko ramin shara ya faɗo, ka bar shi ko kyauta ne. Irin wannan wuri sai an kwashe ƙasarsa, ko a lulluɓe shi da kankare a yi garejin motoci ko rumbu. Tifa biyar ta jar ƙasa da za a zuba a kai don ido ba gyara ba ce, ranar da aka haƙa tushe za a dawo da ta ƙasan sama. In mai filin ya ƙi yarda a ɗebi ƙasa a gwada, ka ɗauki ƙin nasa a matsayin sakamako.

Ko ka saya ko ba ka saya ba, kuna zaune a gefen wurin. Ku rubuta takarda da sa hannun mai unguwa zuwa ma'aikatar muhalli ta jiha da ofishin NESREA, ku ajiye kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, ku nemi a zo a duba kafin a fara rusau, a sauke rufin asbeston a jiƙe ba tare da farfasawa ba, a kuma faɗa muku inda za a kai lakar da gangunan. Kafin nan a hana yara wasa a ciki, a daina kiwo da cinna wuta a wurin, gidajen da rijiyarsu ke kusa da tsohuwar kwatar kamfanin kuma su fara kai ruwansu gwaji tun yanzu.